Dutsen da ke Cikin Kwando

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan zama, dagacinmu na Lappawara, Puang Andi Mappiare. Mai girma limamin gari da na'ibinsa. Baƙonmu wakilin ofishin gona, wanda ya sha hanya a kan babur tun da sassafe. Ustaz Muhlis da matasan masallaci. Andi Pallawa da 'yan kwamitin karɓar baƙi. Dattawan da suka girme ni. Iyayena mata da ke can baya kusa da tukwane, waɗanda na san sun fi kowa kasa kunne. Manoma 'yan'uwana, maza da mata: ina gaishe ku gaba ɗaya da gaisuwar girmamawa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu wata bazarar da rai da lafiya, ya tara mu a inuwa ɗaya kafin saukar ruwa. Ina gode wa dagaci da ya ba ni wannan dama, ina kuma gode muku da kuka haƙura da zafi. Ga wanda bai san ni ba, ni ne La Sinring, wanda ake kira Puang Guru, wato babban malami. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa a makarantar da garin nan ya gina da hannunsa. Rabin waɗanda ke zaune a nan na taɓa ja musu kunne, sauran rabin kuma iyayensu na ja wa, saboda haka ina fatan yau ba za a rama ba.

Kowace shekara muna yin wannan zama ne don mu tsayar da ranar yafa iri, mu kuma raba kwanakin ban ruwa. Bana an ƙara mana magana ta uku. Saura kwana tara Bikin Kwanduna, kuma kafin mu tashi daga nan za a yanke ko za a yi shi, ko za a canja shi, ko za a binne shi. Ina da magana huɗu a kai, ba duka ce mai daɗi ba.

Maganar farko ita ce abin da masu jayayya suka haɗu a kansa. Amma saboda baƙonmu na ofishin gona, bari in fara faɗin abin da ido ke gani ranar bikin. Mutum ɗaya ne ke fitowa daga kowane gida. Sai a taru a rumfar sussuka, kowa ya lulluɓa da baƙin zane daga kai har ƙafa, ya rufe fuska da saƙar ganyen giginya, ya rungumi kwandon da aka rufe da ganyen ayaba. Sai a jero bayan ganga, kowa a duƙe, ana jan ƙafa, har gindin tsohuwar tsamiyar bakin rafi. Bayan tsamiyar akwai shingen gora, a cikinsa akwai rumbun saƙa da tarin duwatsu. A shiga ɗai-ɗai, a fita ta ɗaya ƙofar, a zagayo, har sau uku. Kowa ya san irin shinkafa ake kaiwa. Amma idan aka gama aka buɗe shingen, sai a tarar da rumbun wayam.

Ustaz Muhlis ya ce a hana. Ya same ni a gida makon jiya, cikin ladabi kamar yadda ya saba tun yana aji uku, ya ce da ni: "Puang Guru, ba ni na faɗa ba, ga shi a rubuce. Hadaya ce ake kai wa aljanar tsamiya tun kafin Musulunci ya iso tsibirin nan. Ta yaya zan yi shiru, mutane suna sallar asuba su kuma kai wa itace abinci da hantsi?" Washegari sai ga Andi Pallawa, da tabaraunsa a goshi. Ya ce: "Puang, gwal muke zaune a kai ba mu sani ba! Bikin da ya shekara dubu! A rushe shingen nan a yi dandamali, baƙi su zauna su ga komai, su ɗauki hoto. Ko ruwan kwakwa muka sayar musu mun warke."

Ɗaya yana so a kashe bikin saboda na tsafi ne, ɗaya yana so a tallata shi saboda na tsafi ne. Ban taɓa ganin mutum biyu sun yi faɗa da zafi haka a kan abin da suka yarda da shi ba. Kuma kowannensu littafi ɗaya ya buɗe mini, shafi ɗaya, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Na san layin, ban buƙaci tabarau ba. Zan dawo kansa.

Magana ta biyu ita ce asalin bikin. Jama'a, Bikin Kwanduna bai shekara dubu ba, bai shekara ɗari ba. Shekararsa tamanin da shida, kuma mahaifiyata Indo Sakka tana 'yar shekara goma ta ga na farko da idonta.

A shekarar da ta gabaci wannan, ɓeraye suka far wa gonaki, fari ya ƙarasa abin da suka bari. Mutane suka ci abin da ke rumbu, suka ci rogo, daga ƙarshe suka ci irin da suka ajiye. Da bazara ta zo, sai dagacin wancan lokaci, mutumin kirki, ya tara iri daga masu hali, ya sa aka shimfiɗa tabarma a wannan filin da muke zaune, aka riƙa kiran sunan mabukata ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito ya karɓa a gaban jama'a. Da aka kira wani mutum mai suna La Pabeta, sai ya miƙe ya ce: "Puang, wa ya ce maka ba ni da iri? Nawa yana nan, har ya yi mini yawa." Alhali duk gari an san 'ya'yansa ɓawon ayaba suke tafasawa. Kafin ruwa ya sauka ya kwashe iyalinsa ya shiga jirgin ruwa, gida bakwai suka bi shi, kuma har yau ba a san inda kabarinsa yake ba.

Kun san halinmu, ba sai na faɗa muku ba. Mutumin garin nan zai iya kwana uku bai ci ba, ya fito yana sakace. Yunwa ba ta korar mu daga gida, kunya ce ke korar mu.

Sai wata tsohuwa mai saƙar kwando, Indo Cenning, ta je wurin limamin lokacin ta ce: "Puang Imam, kun ba mutane iri kun ƙwace musu fuska. Ku bar ni in gwada tawa dabarar." Duk abin da kuke gani ranar bikin daga kan wannan tsohuwa ya fito. Ana rufe fuska don kada a gane mutum. Ana tafiya a duƙe ana jan ƙafa domin a ƙauye ko daga bayan dutse aka hango takunka an san kai ne. Mai iri yakan tafi da iri, ya juye a rumbu, ya ɗauki dutse ya sa a kwandonsa. Marar iri yakan tafi da dutse, ya ajiye, ya ɗebi iri. Kowane kwando da nauyinsa ya tafi, da nauyinsa ya dawo. Ana buga ganga da ƙarfi don kada a ji ƙarar zuba ko ta ɗiba. Ana zagayawa sau uku domin wanda ya tarar da rumbu babu komai a karon farko ya samu a na biyu. Tsamiyar kuwa liman ne da kansa ya zaɓe ta, saboda yara suna tsoronta, ba mai zuwa leƙe. Sharaɗi ɗaya aka kafa: ba a faɗa, ba a tambaya.

Dattawa, na ga wasunku sun sunkuyar da kai. Kun san wannan labari kamar yadda na san shi. Wata uku ana jayayya a masallaci da kasuwa, kuna zaune shiru, domin haka aka koya mana. Ba na zargin ku. Sai dai shirun da ya raya bikin nan shekara tamanin da shida, shi ne yau yake neman kashe shi, domin 'ya'yanmu sun tashi ba wanda ya gaya musu komai, sai littafi ya gaya musu.

Magana ta uku ita ce yadda aljana ta shiga littafin. Wannan ita ce mai nauyi a bakina.

Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, wani malamin jami'a mai suna Pak Wiryo ya zo daga tsibirin Jawa yana binciken bukukuwan manoma. Mutum ne natsattse, mai cire takalmi tun daga ƙasan tsanin hawa gida, kun san gidajenmu a kan ginshiƙan katako suke. Ba ya jin harshenmu, sai aka haɗa shi da ni in yi masa tafinta. Ina ɗan shekara ashirin da takwas, rigata a goge, biro biyu a aljihu, ina jin duk garin nan ba wanda ya kai ni. Ranar bikin ya tsaya daga nesa ya kalla, ya cika takarda da rubutu. Da la'asar muka dawo gidanmu, na bar shi a baranda na sauka ƙarƙashin gida in ce wa mahaifiyata ta dafa mana kofi.

Na tarar da ita ta buɗe kwandonta tana juye abin da ke ciki a faifai. Jar shinkafa ce, mu kuwa fara muke nomawa tun zamanin mahaifina. A nan na gane cewa uwata da dutse ta tafi. Ni da nake cin tuwonta safe da yamma, ina yawo da biro biyu, ban san irinmu ya ƙare ba. Ta dube ni, na dube ta.

Na koma baranda. Pak Wiryo ya gyara zama ya ce: "Malam Sinring, abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Na ga an kai shinkafa, na ga rumbun ba komai. Ina ta tafi? Wa ya kwashe?" Daben gidanmu na katako ne, duk abin da aka faɗa a sama ana ji a ƙasa. Na ji ƙarar faifan ta tsaya.

Sai na ce masa: "Ai mai tsamiyar ce ke kwashewa."

Ya zaro ido, ya jawo biro. Da na ga ya ji daɗi, kuma kun san ba ma barin baƙo ya tashi hannu wofi, sai na ƙara masa. Na ce mace ce, gashinta har ƙasa, matar ruwan sama ce, idan ba a ciyar da ita ba sai ta hana mijinta zuwa. Na ce duƙawar nan sujada ce, duwatsun nan wurin yanka ne na mutanen da. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun kafin a san ƙarfe. Ya rubuta duka, bai bar ko ɗigo ba. Ba laifinsa ba ne, ya tambayi malamin makaranta, malamin makaranta ya ba shi amsa.

Bayan ya tafi, mahaifiyata ta hau da kofin da ya riga ya huce. Ta ce: "Sinring, ashe haka ka iya ƙarya? Wannan ne abin da kake koya wa 'ya'yan mutane?" Ta ajiye kofin a gabana. Ta ce: "Ita aljanar taka, da gashi har ƙasa, wa ke yi mata kitso?" Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta dafa kaina ta ce: "Ni dai na yafe maka, ɗana. Saura ka nemi ta Allah."

Na ɗauka maganar ta mutu a barandar nan. Ashe ƙarya haihuwa take yi. Bayan 'yan shekaru littafi ya fito, aka karanta shi a rediyo, yara suka haddace shi don jarrabawa. Sai na fara ganin an ɗaura farin ƙyalle a reshen tsamiya, abin da ban taɓa gani ba ina yaro. Daga baya aka fara ƙona turare. Bara wata baiwar Allah ta kai kaza. Ustaz Muhlis, abin da ka gani da idonka gaskiya ne, kuma ka yi daidai da ranka ya ɓaci. Amma ƙyallen nan da turaren nan ba su girmi Musulunci ba, ko rigar aurena ba su girma ba. Ni na shuka su. Ina neman gafarar Allah, ina neman gafararku.

Kada kuma a ce na wanke komai. Tsoron tsamiyar ya girmi bikin, kuma ban san abin da kakannin kakanninmu suka yi a gindinta ba kafin hasken addini ya zo musu. Wataƙila sun yi abin da ba za mu so ji ba. Abin da na sani shi nake faɗa: kwandon, da dutsen, da rufe fuskar, ba don wata aljana aka yi su ba, don La Pabeta aka yi su.

Magana ta huɗu ita ce roƙona.

Ga Ustaz Muhlis: a kwance ƙyallen, a hana turare da kaza, kai da matasanka ku tsaya a kan haka, ni zan riƙe muku tsani. Liman ya buɗe bikin da addu'a a fili, kowa ya ji sunan wanda muke roƙo. Amma ka bar kwandunan. Ka fi ni sanin matsayin sadakar da aka ɓoye. Na san za ka ce akwai kwamitin zakka, akwai kuma irin da hukuma ke rabawa, Allah ya saka musu. Sai dai a can ana rubuta suna, a manna a bango, a ɗauki hotonka kana rungume da buhu. Wanda zai iya tsayawa a ɗauke shi, ya je, babu aibu. Ina magana ne a kan wanda ba zai iya ba, wanda zai gwammace ya bar gonarsa ta zama ciyawa, ya ce wa maƙwabta bana hutar da ita yake yi.

Ga Andi Pallawa: ba na gaba da baƙi, kuma na san don ci gaban gari kake yi. Su zo su kalli jerin gwano har bakin gadar da ke kafin tsamiya, su ci kifi da ɗanwaken ayaba, ka sayar musu da ruwan kwakwarka. Amma ranar da aka rushe shingen nan aka saita kyamara, kowa da iri zai tafi, ko da aro ya yi, kuma ba hannun da zai ɗebi ƙwaya ɗaya. Za ka samu biki mai kyan hoto, rumbu cike, gonaki wofi.

Ga dagaci: na ji an ce da ɗaga hannu za a yanke. Puang, ina roƙon kada a yi haka. Na san mutanena. Waɗanda suka fi kowa buƙatar bikin nan su ne za su riga kowa ɗaga hannu a hana shi, don kada a zarge su. A zagaya da kwando a rufe, mai so a ci gaba ya jefa ƙwallon tsamiya, mai so a daina ya jefa tsakuwa, kowa hannunsa a dunƙule. Abin da ya fito, na yarda da shi.

Saura abu ɗaya, sannan in zauna. Tun da na tashi wasu ke kallon ƙullin nan da na ajiye a gabana, na ji wata daga baya tana cewa Puang Guru ya zo da guzurinsa. Bari in kwance. Dutse ne, daga rafi na ɗauko shi shekaranjiya.

Kun san tsutsa ta shiga gonata bara. Abin da ba ku sani ba shi ne, ɗan abin da ya tsira mun ci shi ni da mai ɗakina a watannin da take jinya, har da wanda na ware na iri. Makarantarmu ba ta da fansho, kun fi kowa sani, ku kuka gina ta. Ɗana da ke aiki a ƙetaren teku bai sani ba, kuma da na so in mutu bai sani ba. Shekara ashirin da tara ina tafiya gindin tsamiya da iri ina dawowa da dutse. Bana wannan dutsen zan sa a kwandona.

Na karya sharaɗin Indo Cenning, amma a kaina da kan marigayiya uwata kaɗai na karya shi. Wallahi ya fi mini sauƙi in faɗi ƙaryar da na yi a kan in faɗi wannan. Kuma ina gargaɗi: kada wanda ya biyo ni gida da buhu. Duk wanda ya zo zan ba shi kofi, in rako shi da buhunsa har bakin hanya. A bayan tsamiya nake so in ɗiba, a duƙe, fuska a rufe, kamar yadda uwata ta ɗiba.

Ni tawa fuskar ta riga ta buɗe, ba abin da ganyen giginya zai ƙara mini. Amma ba ni kaɗai na je rafi shekaranjiya ba. Na ga sawun wasu a yashi, na ga gurbin duwatsun da aka cire, na kawar da kai. Suna nan zaune a cikinmu yanzu, sun yi wanka, sun sa rigar Juma'a, wataƙila ɗaya yana kusa da kai. Kada ka waiwaya. Na buɗe tawa ne don a bar musu tasu a rufe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare gonakinmu daga ɓera da tsutsa da ambaliya. Allah ya tsarkake imaninmu daga duk abin da ba ya so, ya shirye mu a kan gaskiya ko da a kanmu take. Allah ya jiƙan Indo Cenning da mahaifiyata Indo Sakka, ya jiƙan La Pabeta a duk ƙasar da ya kwanta. Allah ya ƙara wa dagacinmu da limaminmu basira, ya yi wa matasanmu albarka, ya mayar da baƙonmu gida lafiya. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya sa mu zama masu rufa wa juna.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.